Na'urar da Magajinta Ya Girme Ta

Duk wanda ya ƙudiri aniyar sayen tsohuwar risibar sitiriyo mai kwalabe domin ɗakin zamansa, zai lura da wani abu tun kafin a kai ga maganar farashi. Kusan duk waɗanda masana ke yabawa an ƙera su ne cikin ɗan taƙaitaccen lokaci, daga 1958 zuwa wajejen 1966. Kafin wannan lokaci babu sitiriyo a gidajen jama'a, bayansa kuwa masana'antu sun juya wa kwalba baya. Shekara takwas ke nan, ko tara idan an yi sassauci. A cikinsu aka yi na'urorin da har yau, bayan shekara sittin, ake jigilarsu daga wannan nahiya zuwa waccan, ana biyan kuɗin da ya zarce na sababbin kaya da dama.

Tiransista, wanda ya kawo ƙarshen wannan na'ura, ya girme ta da shekara goma. Tun a watan Disamba na 1947 John Bardeen da Walter Brattain suka nuna shi yana aiki a ɗakin bincike na kamfanin Bell da ke Amurka, a rukunin da William Shockley ke jagoranta. Ke nan ranar da aka haifi risibar sitiriyo mai kwalabe, magajinta na zaune a zaure yana jira. Injiniyoyin da suka ƙera ta sun san haka, sun yi aikinsu cikin gaggawa da gasa, kuma yawancin abin da mai saye zai tarar a yau, na yabo da na ciwon kai, daga wannan yanayi ya samo asali.

Risibar da ake nufi a nan ba irin ta tauraron ɗan'adam da ke ƙarƙashin talabijin ba ce. Akwati ne guda da ya haɗa aikin na'ura uku: mai kamo tashar rediyo, da mai zaɓen sauti da daidaita shi, da amfilifaya mai ƙarfafa shi har ya iya motsa lasifika. Ita kuwa kwalbar, 'yar'uwar ƙwan lantarki ce. Gilashi ne da aka zuƙe iskar cikinsa, aka sa masa siririyar waya mai ɗaukar zafi idan wuta ta ratsa ta. Ƙarfen da ya yi zafi a inda babu iska yakan saki ƙwayoyin lantarki, idan kuma akwai farantin ƙarfe a kusa da ke jan su, sai su kwarara zuwa gare shi ta fuska ɗaya, ba sa komowa. John Ambrose Fleming, malamin jami'a a Landan mai ba kamfanin Marconi shawara, shi ya mayar da wannan ɗabi'a na'ura a 1904. Da yake wuta hanya guda take bi a cikinta, Turawan Ingila suka raɗa mata suna bawul. A 1906 Ba'amurke Lee de Forest ya sa wata 'yar raga ta waya tsakanin ƙarfen mai zafi da farantin. Ɗan sauyin wuta kaɗan a kan ragar yakan sarrafa babbar kwarara, kamar yadda mai lambu ke juya ruwan da ke shiga fangali da dunƙulen laka guda. A kan wannan 'yar raga aka gina rediyo, da wayar tarho ta nesa, da silima mai magana, da kwamfutocin farko.

Kwalba tana da halaye biyu da ba a raba ta da su. Na farko, sai ta yi zafi take aiki. Na biyu, tana son wuta mai matsi sosai, ɗaruruwan bolt, amma kaɗan take kwararwa, alhali lasifika akasin haka take buƙata, wato matsi kaɗan da kwarara mai yawa. Dole a sami tafinta a tsakaninsu, shi ne taransifomar fitar da sauti: dunƙulen siraran fallayen ƙarfe da aka naɗe da wayar tagulla hawa-hawa, cikin tsarin da kowane kamfani ke alfahari da nasa. Risibar sitiriyo tana ɗauke da irin wannan guda biyu, ɗaya ga kowane ɓangare, ga kuma ta uku babba mai raba wutar da ta shigo daga bango. Su ne nauyin da mutum ke ji idan ya ɗaga ta, su ne kuma mafi tsadar abin da ke cikinta, tun a wancan zamani har yau.

Sha'awar sauti mai inganci a gida ta bunƙasa ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da dubban samarin da aka horar kan rediyo da rada suka koma gida da sanin haɗa waya. A 1947 mujallar Wireless World ta Ingila ta buga tsarin amfilifayar D. T. N. Williamson, mutane suka yi ta haɗa ta da hannunsu a ƙasashe da yawa. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da faifan garmaho mai dogon zango, wanda ke ɗaukar sama da minti ashirin a kowace fuska. Ƙananan kamfanoni suka tsiro a gabashin Amurka, mafi yawansu da sunayen masu su: H. H. Scott a jihar Massachusetts a 1947, McIntosh a 1949, Marantz a 1953, Dynaco na David Hafler a 1955. Kayansu warwatse suke zuwa, kowane aiki da akwatinsa, sai mai sha'awa ya bi ya jona. Sidney Harman da Bernard Kardon su ne suka lura cewa akwai likita da lauya da malamin makaranta masu son kiɗa mai kyau amma ba su son tarin wayoyi a falo. A 1954 suka fito da Festival D1000, wadda aka fi ambata a matsayin risibar farko ta wannan fanni.

Sitiriyo kuwa tsohon tunani ne da ya daɗe a aljihun tebur. Alan Blumlein, injiniyan kamfanin EMI, ya nemi rajistar dabarar tun 1931, ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1942 yana gwajin rada, bai ga ranar da za ta shiga gidaje ba. Sai a ƙarshen 1957 faifan sitiriyo na farko ya fito kasuwa, a 1958 manyan kamfanoni suka biyo baya. Nan take aikin masu ƙera risiba ya ninka: amfilifaya biyu maimakon ɗaya, taransifoma biyu, kwalabe ninki biyu, duk a kan farantin ƙarfe guda. Rediyo kuma ba ta shirya ba. Na 'yan shekaru wasu tashoshi suka riƙa watsa ɓangare ɗaya ta zangon FM, ɗayan ta matsakaicin zango, mai sauraro ya kamo duka biyun a lokaci guda. Shi ya sa risibobin 1958 zuwa 1960 ke da allura biyu da maɗauri biyu na neman tasha, kuma wanda ya sayi irinsu yau ba zai ji tashar FM cikin sitiriyo ba sai ya nemo wani ƙaramin akwatin ƙari da aka riƙa sayarwa daga baya.

A watan Afrilu na 1961 hukumar sadarwa ta Amurka ta amince da tsarin da kamfanonin Zenith da General Electric suka gabatar, aka fara watsawa ranar 1 ga Yuni a Schenectady da Chicago. Dabarar tana da kyau. Ana haɗa sautin hagu da na dama a aika yadda aka saba, domin tsohuwar rediyo ta ci gaba da aiki. Bambancin da ke tsakaninsu kuma a ɗora shi can sama, a kan kilohaz 38, inda kunne ba ya kaiwa, tare da wani siririn sauti a kilohaz 19 da ke zama ɗan jagora. Risiba ta tara ta kuma ɗebe, sai hagu da dama su rabu. Da wannan tsarin tashoshin FM ke aiki har yanzu. Amma ga masu ƙera risiba ma'anarsa ita ce ƙarin wasu kwalabe a akwatin da ya riga ya cika.

A wannan gaɓa ne sunan Avery Fisher ya yi fice. Mutumin Brooklyn ne, an haife shi a 1906, mai goga goge irin na Turawa don nishaɗi, wanda ya fara neman abinci da tsara fuskar littattafai a kamfanin ɗab'i. Rashin gamsuwa da rediyoyin zamaninsa ya sa ya kafa Philharmonic Radio a 1937, sannan Fisher Radio a 1945. Idonsa na mai tsara littafi ya bayyana a kayansa: fuska mai ruwan zinariya, gilashin tasha mai haske, rubutu tsaf. Risibarsa mai lamba 500-C, wadda ta cika kasuwa a 1964 a kan sama da dala 350, ita ce yau ma'aunin da ake auna sauran da shi. Kwalabenta sun kusa ashirin, nauyinta ya haura kilo 15, FM kaɗai take kamawa. Yayarta 800-C ta ƙara da matsakaicin zango, ƙanwarta 400 ta ɗan fi araha. Talla ta ce wat 75 take bayarwa, amma wannan lissafin 'yan kasuwa ne. Abin da take iya riƙewa ba yankewa bai wuce wat 25 zuwa 30 a kowane ɓangare ba.

Domin a sami wannan ƙarfi a wuri ƙanƙane, Fisher da Scott da Sherwood da wasunsu sun dogara da wata sabuwar kwalba mai lamba 7591, wadda kamfanin Westinghouse ya ƙirƙiro musamman don irin wannan aiki. Gajeruwa ce, ba ta buƙatar tura mai yawa, tana kuma ba da ƙarfin da ya fi girmanta. Sai aka jera guda huɗu kafaɗa da kafaɗa a bayan akwati, dab da taransifomomi, aka matsa musu wuta har kusa da iyakar abin da za su iya jurewa, saboda lambar wat ce ke sayar da kaya. A lokacin babu wanda ya damu. Kwalba abin sauyawa ce kamar ƙwan fitila, kantunan magani na Amurka ma suna da injin gwada ta, mutum ya zo da tasa a jaka ya gwada ya sayi sabuwa. Babu wanda ya yi tanadin ranar da za a daina yin ta. Da yake kuma 7591 a makare ta zo, ba ta shiga kayan soja ko amfilifayoyin makaɗa da yawa ba, ba a tara ta a rumbuna kamar EL34 ko 6L6 ba. Wannan shi ne gadon da mai saye ke karɓa tare da akwatin.

Ƙarshen ya zo da sauri, kuma ba kunne ne ya yanke hukuncin ba, akawu ne. Tiransista ba ya buƙatar taransifomar fitar da sauti, ba ya jiran ya yi zafi, ba ya ƙarewa da amfani. Cire taransifoma biyu daga akwati ya rage tagulla da ƙarfe da kuɗin dako lokaci guda. Ga kuma sababbin lasifiku ƙanana irin na Acoustic Research, waɗanda Edgar Villchur ya fara fitarwa a 1954, masu sauti mai zurfi amma masu cin wat. Gaskiya ne cewa na'urorin tiransista na farko da yawa ba su kai kwalba daɗi ba, wasu ma sukan ƙone da zarar wayoyin lasifika sun taɓa juna. Duk da haka kasuwa ta bi su. Fisher ya fitar da risibar tiransista a tsakiyar shekarun 1960 yana kan sayar da 500-C. McIntosh ya yi MAC 1500 a 1965, rabi kwalba rabi tiransista. Marantz kuwa bai taɓa yin risibar kwalba a wancan zamani ba. Ta farkonsa ta tiransista ce, bayan Saul Marantz ya sayar da kamfanin ga Superscope a 1964. Duk wanda aka tallata wa tsohuwar risibar Marantz mai fuskar azurfa da sunan mai kwalabe, to ya sake dubawa.

Daga nan sai Japan ta karɓe fagen. Sansui da Pioneer da Trio sun yi risibobin kwalba masu kyau, Sansui 1000A ma da 7591 take aiki, sojojin Amurka da ke Asiya suka yi ta sayen kayan Japan a kantunan barikinsu suna kaiwa gida. A 1969 Avery Fisher ya sayar da kamfaninsa ga Emerson Electric a kan dala miliyan 31, daga baya sunan ya koma hannun Sanyo, wanda ya riƙa liƙa shi a kan kayan da ba su haɗa komai da na farko ba sai haruffa. A 1973 ya ba da dala miliyan 10.5 ga zauren kiɗa na New York, aka sa wa zauren sunansa, a 2015 aka cire aka sa na David Geffen. Kamfanin RCA ya rufe masana'antar kwalabensa ta Harrison a 1976. Gasar wat ta yi tsanani har hukumar ciniki ta Amurka ta kafa doka a 1974 kan yadda za a riƙa auna shi, kuma a 1978 Pioneer ya fitar da risiba mai wat 270 a kowane ɓangare, ninki goma na 500-C.

Akwai dalilin da ya sa ba a cika tsintar waɗannan na'urori a tsofaffin gidajen Kano ko Zinder ba. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye ranar 13 ga Maris, 1957, shekarar da faifan sitiriyo ya fito, amma ta gajeren zango ake kama shi, wanda risibobin Amurka ba su damu da shi ba. FM bai iso Nijeriya ba sai a shekarun 1970. Kwalbar da ta shiga gidajen ma'aikata da attajirai ita ce ta rediyon tebur da rediyogiram na Turai, irin su Philips da Grundig da Pye. Wanda kuma ya kai rediyo gona da ruga da teburin mai shayi, tiransista ne mai batir. Mai begen zamanin kwalba ya kamata ya riƙe wannan a ransa: ga mafi yawan mutanen duniya, mutuwar kwalba ita ce farkon mallakar rediyo.

A shekarun 1970, lokacin da Amurkawa ke jefar da tsofaffin kayansu a bola, masu sha'awa a Japan suka shiga saye suna kwashewa, musamman McIntosh da Marantz da kayan silima na Western Electric. William Z. Johnson ya kafa Audio Research a Minneapolis a 1970, ya koma yin amfilifayar kwalba sabuwa ana yi masa kallon mai taurin kai. Sannu a hankali abin da aka zubar ya zama abin nema, har aka wayi gari ana cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Ko zumar tana maganin? A nan ya kamata a bi a hankali, domin tatsuniya ta yi yawa. Bambanci akwai shi, kuma ana iya auna shi. Idan aka matsa wa kwalba fiye da ƙarfinta, a hankali take lanƙwasa sautin, alhali tiransista datse shi yake yi, kunne kuma ya fi jure na farkon. Wannan shi ne jigon wata maƙala da Russell Hamm ya buga a 1973, wadda ake yawan kafa hujja da ita. Sannan taransifoma ba ta riƙe lasifika da ƙarfi kamar tiransista, sai lasifikar ta ɗan sake, ƙasan sauti ya yi kauri. Abin da ake kira ɗumi ke nan, kuma ɗan kauce wa asali ne mai daɗin ji, kamar yaji a abinci. A 1985 injiniya Bob Carver ya yi wa editocin mujallar Stereophile alkawarin zai sa amfilifayarsa ta tiransista ta yi sauti irin na duk wadda suka zaɓa. Suka zaɓi wata mai kwalabe mai tsadar gaske, ya yi 'yan kwanaki yana gyare-gyare, a ƙarshe suka amsa cewa sun kasa bambance su. Ga tsohuwar risibar da ba a taɓa gyarawa ba kuma, wani kaso na ɗumin da mai ita ke yabawa sautin kayan da suka tsufa ne kawai. Batun wat kuwa bai kai yadda ake tsoro ba. Sai an ninka ƙarfi sau goma kunne ke jin ƙara ta ninka sau biyu, don haka wat 25 ya ishi falo matuƙar lasifikar ba mai cin wuta ba ce.

Abin da ya hana kwalba ɓacewa gaba ɗaya shi ne Yaƙin Cacar Baka da makaɗan jita. Tarayyar Sobiyat ta ci gaba da yin ta don kayan soja; lokacin da matuƙi Viktor Belenko ya tsere da jirgin MiG-25 zuwa Hakodate a Japan a 1976, waɗanda suka kwance jirgin sun tarar da kwalabe a cikin na'urorinsa. Makaɗan jita kuma sun ƙi rabuwa da amfilifayoyin Fender da Marshall. A ƙarshen shekarun 1990 Mike Matthews, mai kamfanin Electro-Harmonix na New York, ya sayi masana'antar da ke Saratov a Rasha, ya kuma mallaki tsofaffin sunaye irin su Mullard da Tung-Sol. Saboda haka sabuwar kwalba mai tambarin Mullard a yau daga gaɓar kogin Volga take, ba daga Blackburn ta Ingila ba. Ban da Saratov, manyan masu yi su ne JJ Electronic a Sulobakiya da wasu masana'antu a Sin, inda babbarsu, Shuguang, ta dakatar da aiki a 2019. A watan Maris na 2022, bayan mamayar Ukraine, labari ya bazu cewa Rasha ta hana fitar da kwalabe, cikin 'yan kwanaki kantuna suka zama fayau, farashi ya yi tsalle. Kaya sun dawo daga baya, farashin bai koma inda yake ba. Ana yin sabuwar 7591 yanzu, sai dai wata ta Rasha ta fi ta asali kauri, a wasu risibobin da ƙyar take samun wurin tsayawa.

Daga wannan tarihi ake karanta abin da ya kamata a duba kafin a biya. Na farko taransifomomi uku. Kwalba a saye ta, sauran ƙananan kaya a sauya su da kuɗi kaɗan, amma taransifomar fitar da sauti ta Fisher ko Scott idan ta ƙone, sai dai a nemo gawar wata risibar a cire. Tabon baƙi, ko kakin da ya narke ya zubo, ko warin ƙuna, duk dalilai ne na fasa ciniki. Sayen irin wannan kaya ta intanet ba tare da hoton cikinsa ba cinikin biri a sama ne. Kalmar da ta fi kowace haɗari a tallar mai sayarwa ita ce cewa ya jona ta ya ga tana haske. Kwandansa, wato ma'ajin cajin da ke tace wuta, tana ɗauke da wani danshi a cikinta da ke bushewa cikin shekaru, kuma jona na'urar da ta yi shekara talatin a ajiye kai tsaye na iya fasa ta ko ya ja taransifoma. Masu gyara sukan tashe ta sannu a hankali, ko su ratsa wutar ta cikin ƙwan lantarki, wanda zai haskaka ya shanye wutar idan akwai matsala.

Akwai wani ƙaramin abu a risibobin Fisher da ya halaka da yawa daga cikinsu. Manyan kwalaben nan huɗu suna buƙatar wata 'yar wuta ta musamman a kan ragarsu, wadda ke zama musu linzami. Abin da ke samar da ita an yi shi da sinadarin seleniyam, yana raunana da tsufa. Idan ya yi rauni linzamin ya saki, kwalaben su ja wuta fiye da kima, farantinsu ya yi ja kamar garwashi, su mutu, wani lokaci su tafi da taransifoma. Haske ruwan lemo a tsakiyar kwalba lafiya ne. Ja a jikin farantin kuwa alama ce ta a kashe nan take. Tabon azurfa da ke cikin gilashin, idan ya koma fari, iska ta shiga, kwalbar ta gama. Ba a kunna amfilifayar kwalba ba tare da an jona lasifika ba. Ƙananan kwalaben Fisher da yawa na Telefunken ne na Jamus, masu alamar lu'ulu'u a ƙasan gilashi, suna da tsada yanzu, shi ya sa wasu dillalai ke zare su su maye gurbinsu da na banza kafin su sayar.

Mai saye a Nijeriya ko Nijar yana da ƙarin lissafi. An yi kayan Amurka don bolt 117, bango kuwa a nan 220 zuwa 240 yake bayarwa, don haka sai da taransifomar rage wuta, kuma a sayi wadda ta ninka buƙata, domin risibar na shan kusan wat 200 ko da ba ta cewa komai. Wasu na Japan da aka yi don fitarwa suna da wurin zaɓen bolt a baya, sun fi sauƙin sha'ani. Waɗanda aka yi don cikin Japan kuwa bolt 100 suke so, zangon FM ɗinsu ya tsaya a megahaz 90, ba za su kamo Freedom Radio ta Kano da ke kan 99.5 ba. Tashoshin Amurka kuma sun ɗan bambanta da na wannan yanki wajen daidaita saman sauti, sai FM ya fito a ɗan dushe har a sauya wasu ƙananan kaya biyu. Ɗaukewar wuta da dawowarta farat ɗaya, kwalabe na da zafi, ba abin da suke so ba ne, haka ma hawa da saukar ƙaramin janareta. Ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu. Na'urar da aka yi wa ɗakin New York mai sanyi tana buƙatar sarari a samanta da bayanta, ba a kulle ta cikin kabad.

Abin da ke sauƙaƙa duk wannan shi ne yadda aka haɗa ta. Babu allon da aka buga wa hanyoyin wuta, babu wani guntu da kamfani kaɗai ya san sirrinsa. Waya ce daga wannan ƙafa zuwa waccan, an liƙe da dalma da hannu, taswirar haɗin kuma tana nan a littattafan gyara da masu sha'awa suka ɗora a intanet. Daidaita sashen sitiriyo na FM ne kaɗai ke buƙatar na'urorin gwaji na musamman, kuma gara a bar shi yadda yake da a sa masa sukundireba da ka. Sauran aikin duk mai gyaran da ya iya karanta taswira zai yi shi, da sharaɗin ya san cewa kwandansa na riƙe bolt ɗari huɗu bayan an zare waya daga bango, abin da ya isa ya kashe mutum. Matasan da suka koyi sana'a kan wayar salula ba su taɓa cin karo da irin wannan wuta ba. Waɗanda suka san ta su ne dattawan da suka yi zamani da talabijin mai ƙeya da rediyogiram, kuma kullum raguwa suke yi, don haka ya fi dacewa a nemo ɗaya daga cikinsu, a nuna masa taswirar, a ji ta bakinsa, kafin a tura kuɗi.